Gayyar Gidan Dutse

In ka saki kwalta kafin ka kai Gozaki, ka bi burjin da ya yi yamma, za ka hango gidan tun daga nesa, a gindin dutse, gonaki sun zagaye shi. Gidan Dutse ake ce mashi, don duk ƙasarmu babu irinshi. Kowa da tubali ya yi gini, shi kakanmu Maitama ya ce da dutse zai yi. Ni ban tarar da shi ba. Abin da na sani daga bakin Baffa Tanimu na ji, yayan mahaifina, wanda a gidan aka haife shi, a gidan ya tsufa, kuma shi kaɗai ya rage a ciki bayan kowa ya watse ya koma cikin gari.

Maguzawan bayan dutse ne suka yi aikin. Baffa ya ce sai su hura wuta a kan falalen dutse, ta ci har ya yi zafi, su kwara mashi ruwan sanyi, ya tsage falle-falle kamar an yanka. Jakai suka yi ta jigila. Daga ƙasa har ƙirjin mutum babu ko ɗigon laka, dutse ne ya hau dutse, manya a ƙasa, an cusa ƙanana a tsakani, ko wuƙa ba ta shiga. Daga nan zuwa sama ne aka sa jar ƙasa da ciyawa ta riƙe. Kaurin bangon kau, in ka zura hannu ta taga har hammata, yatsunka ba su leƙa waje ba.

Zauren shi ne abin kallo. Ƙofa biyu gare shi da ba su kallon juna, don kada baƙo ya hango cikin gida. Baka huɗu suka tashi daga bango, suka lanƙwasa suka haɗu a tsakiya, inda aka manna wata tsohuwar farar tasa. Tsakaninsu azarar giginya ce a jere kamar haƙarƙari, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi da shekaru. Ran da zafin bazara ya hana kowa sakat, in ka shiga sai ka ji kamar ka tsoma ƙafa a randa. Ɗakin kwanan Baffa yana can ciki, tsakar gida ce tsakaninshi da zauren. Shi ba wani ado gare shi ba, ɗaki ne kawai.

Amma dutsen a jiki ya tsaya. Rufin ƙasa ne kamar na kowane soro, ƙasa kuma sai da kulawa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana hawa a kankare abin da ya farfashe, a toshe tsaga, a zuba sabuwar ƙasa a daɓe, a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa shiga, sannan a gyara indararo. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. A kududdufi ake haƙo ƙasa, a rafi ake ɗebo ruwa, a kwaɓa, a miƙa sama hannu da hannu, kuma ana so a gama a yini guda. Shi ya sa gayya ake kira. Tun ina ƙarami haka na gani: a raba goro a masallaci, a aika bayan dutse, mata su ɗora manyan tukwane. Wanda ya zo maka, kai ma ran nashi za ka je, ko noma, ko girbi, ko ɗaurin jinka. Ba a faɗa, amma kowa ya san wanda ya zo da wanda ya maƙale.

Bara waccan da rani wata farar mota ta zo. Mutanen tarihi ne na gwamnati daga birni, babbansu wani Malam Awaisu, mutum mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Baffa. Suka auna bango, suka ɗauki hoto, suka kwanta rigingine a tabarma suna kallon bakan zaure. Ya ce an sa gidan cikin gine-ginen da ake karewa. Kada a sa siminti, kada a ɗora kwano, kuma mu dakata da duk wani gyara, su za su turo masu yi. Kafin su tafi suka kafa wani koren allon ƙarfe a ƙofar gida, da rubutun boko da tambari.

Baffa ya ji daɗi. Ya sa na kai shi gaban allon ya shafa da hannu, don idonshi ya riga ya tafi, har ya sa aka kama masu zabi. Ni ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Na dai tambayi Malam Awaisu yaushe masu gyaran za su zo, ya ce kafin damina in Allah ya yarda.

To na jira. Ban raba goro ba a shekarar, kuma Baffa ya ce tun da aka yi gidan ba a taɓa tsallake shekara ba sai ita. Damina ta zo ta wuce, ba mu ga kowa ba. Rufin ya jure, amma da kaka da na hau na tarar ciyawa ta fito a kan zauren har gwiwa, wani indararo ya karkace ruwa ya yi ta bin bango. A ɗakin Baffa azara ta yi tabon ruwa daidai saitin gadonshi.

Na ce mashi ya dawo gidana cikin gari, ina da ɗakin kwano babu kowa ciki. Matata Sa'adatu, wadda ke dafa mashi abinci ni in kai a babur, ita ma ta aika da roƙo. Ya ce shi ba gurasa ba ne da za a sa shi a tanderu. Ya ce daga gidan nan sai kushewa. Na san halinshi, ko ɗaure shi aka yi aka kai, da sandarshi zai laluba hanya ya koma. Saboda haka abu ɗaya ya rage mani. In rufin nan bai samu gyara ba kafin wani ruwan, wata rana zan kawo tuwo in tarar da shi ƙarƙashin ƙasa.

Da bazara ta kama na kira Malam Awaisu a waya. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce har yanzu ba a saki abin aikin ba, to mu yi yadda muka saba, ƙasa da makuba babu laifi. Na ce Malam, shekara guda muka zauna muna kallon hanya. Ya sake ba da haƙuri. Na kashe wayar, don in na ci gaba zan faɗi abin da bai kamata ba.

Na sayi goro na raba bayan sallar Juma'a, kowa ya karɓa ya ce Allah ya kai mu. Na je da kaina wajen Ɗanasabe, babban Maguzawan bayan dutse, jikan waɗanda suka fasa duwatsun, wanda shi ke jiƙa mana makuba tun da ubanshi ya kasa. Na yanka bunsuru. Sa'adatu ta tara mata aka tuƙa tuwon dawa, aka dama kunun tsamiya, na kwaso a kura.

Ran aikin rana ta fito, ta ɗaga. Ɗanasabe ne kaɗai ya zo, shi da jakinshi, samarinsu duk sun tafi ci-rani. Muka zauna a dakali muna kallon burji. Baffa daga cikin zaure yana ta tambaya ko sun fara isowa, wai yana jin ƙafafu. Awaki ne.

Na hau babur na shiga gari. Na tarar da waɗanda suka ci goron jibge a gindin bishiyar bedi, cikinsu har da Lawal, abokina tun muna kiwo, wanda da kakar nan na yini a gonarshi ina yankan dawa har bayana ya ƙage.

Na ce, "Lawal, goron nawa fa?"

"Mun ci, Allah ya amfana."

"To aikin fa?"

Ya gyara zama ya ce, "Isyaku, kada mu ɓata wa juna. Gayya ramawa ce. In na hau soron nan yau, ran noman gonata wa zai zo mani, gwamnati?"

Na ce ni zan zo, kamar yadda na saba. Ya ce ai gidan ba namu ba ne yanzu, allo ya faɗa, kuma bara ma ban kira su ba, sun ɗauka an sallame su. Wani ya ce tun da uwarshi ta haife shi bai taɓa jin an yi wa gwamnati gayya ba, ita da ke da leburori. Wani ya ce in ƙafarshi ta fasa wani abu a soron, shi za a zo a tafi da shi. Wani daga baya, bai bari na ga fuskarshi ba, ya ce a tambayi Isyaku abin da farar mota ta bar mashi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na rantse masu ko ruwan leda ba su bari ba, Baffa ne ma ya ba su zabi. Lawal ya ce to ka gani, ku ku ba ta zabi, mu kuma mu ba ta gumi.

Na koma Gidan Dutse na tumɓuke allon, na ɗaure shi a bayan babur na jawo shi yana ƙara har gindin bedin, na yar a gabansu. Suka dube shi, suka dube ni. Lawal ya ce cire allo ba ya cire suna a ofis, gara in mayar da shi kafin in jawo wa gari magana. Ba wanda ya tashi. Tuwon gayyar a gidajensu aka ci shi da yamma, don Sa'adatu ta ce ba za a zubar da abinci ba.

Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Ɗaukar 'yan ƙwadago kuma, abin da ke hannuna ya tafi a taki da bunsurun da aka ci. Ɗanasabe ya cire takalmi ya hau ya tattaka rufin biyu, ya sauko yana karkaɗe ƙafa. Ya ce duka suna nema, amma mu biyu, shi tsoho ni ma gwiwa ta fara ƙara, rufi ɗaya za mu iya kafin ruwa, shi ma kashi-kashi. In muka kankare biyu ruwa ya same su a buɗe, mun kashe duka.

Baffa yana zaune yana ji. Ya ce, "Ku yi zaure."

Na ce, "Ɗakinka za mu yi, Baffa."

"Ɗaki kowa na da shi. Zauren nan in ya faɗi wa zai tada shi? Ɗanasabe, ka iya ɗaure baka?"

Ɗanasabe ya ce ubanshi ma bai iya ba, gyara kawai suka gada.

"Ka ji. Ni kuma saura me ya rage mani?"

Na ce ban sani ba, ba ni ke riƙe da shi ba, amma ba zan ɗauki ƙasa a ka in kai kan ɗakin da ba a kwana in bar wanda ake kwana ba. Ya ce to zai kwashe shimfiɗarshi ya dawo zaure. Ɗanasabe ya ce in mun yi wa zauren yaɓe zai iya tsayawa, amma shi ba zai yarda mutum ya kwana ƙarƙashinshi ba sai an canza azarar da saiwar ciyawa ta ci. Baffa ya ce to a yi zauren, shi a bar shi da Allah. Na ce shi ma zauren akwai Allah.

Ya juya sandarshi a hannu. Can ya ce, "Ubanka bai taɓa mayar mani da magana ba."

Na ce, "Ba ya nan, Baffa. Ni ke nan."

Ɗakin muka yi. Ni ke haƙowa in kwaɓa in hau tsani da kwando a ka, Ɗanasabe a sama yana shimfiɗawa yana bugawa da madaɓi. Mu yi gefe guda mu bar shi ya sha iska, washegari mu kama wani. Makuba ta rine mana hannu har gwiwa, warinta ya bi ni har gado. Muka sassaƙa sabon indararo da gungumen giginya muka kafa. Duk kwanakin nan Baffa yana zaure bai leƙo ba, in na miƙa mashi ruwa sai ya ce ya sha. Zauren kuma abin da muka iya mashi, muka yanke ciyawar, ba mu cire ba don kada mu bar ramuka, muka shimfiɗa tamfol muka danne da duwatsu. Iskar ruwan farko ta ɗauke tamfol ɗin, a gonar wani aka tsinto shi a yage.

Damina ta yi ƙarfi bara, kowa ya sani. Ɗakin Baffa ko ɗigo bai yi ba. Zauren kau ya fara shan ruwa, farar tasar nan ta riƙa tsiyaya ja-ja, ƙasa na zubowa ɗan kaɗan-kaɗan a kan tabarma. Baffa bai daina lalubowa ya zauna a ciki da hantsi ba. Na hana, bai hanu ba, sai na ɗaure ƙofar ciki da waya, na koma shiga gidan ta ƙofar baya, inda ake shigar da dabbobi da. Ya dai koma zama a bakin ƙofar ɗakinshi, fuskarshi na kallon zauren, yana saurare.

Da marka ta kama, ruwa ya yi ta zuba ba ya ɗaukewa. Wata safiya na kawo mashi kunu, yana riƙe da kofin bai kai baki ba, sai muka ji azara ta yi wani nishi kamar tsohuwar ƙofa. Daga nan sai tim, kamar an sauke buhuna daga mota. Ba wata ƙara mai yawa ba. Jar ƙasa ta biyo ruwa ta ƙarƙashin ƙofar da na ɗaure ta malalo tsakar gida.

Baffa ya ce, "Duka?"

Na zagaya ta waje na leƙa. Bangon dutse yana tsaye ta ko'ina, ko gezau. Sama a buɗe, ruwa na sauka a inda bai taɓa sauka ba. Bakan nan huɗu sun karye a ƙugu, guntayensu na fitowa daga bango. Tasar ma ban gan ta ba. Na dawo na ce mashi bango yana nan lafiya.

"Na ce duka?"

"Duka."

Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

Wani mai kiwo ne ya hango ya kai labari gari, wai soro ya rufta da Baffa Tanimu. Kafin azahar gari ya zubo, da shebur da magirbi da kwanduna, har mata. Lawal ne a gaba, ya faɗa cikin taɓon har gwiwa yana tono da hannu yana kiran sunan Baffa. Da na ce masu yana ɗakinshi da ranshi, suka yi ta hamdala, amma ba su tafi ba. Suka yi layi suna miƙa ƙasa hannu da hannu suna fitarwa, cikin ruwan, ba goro ba tuwo. Na tsaya ina kallon layin. Rabinsu ma da ya isa a gama rufin biyu a yini ɗaya.

Na ce wa Lawal, "Yau gwamnatin za ta rama maka?"

Ya share fuska da bayan hannu ya ce, "Wannan daban, Isyaku. Wannan rai ne."

Na ce wancan ma rai ne. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗiba.

Da aka share hanya, Baffa ya kira Lawal ya ce a fitar da shi. Na matso na ce Baffa ɗakinka lafiya lau yake, ba inda ya jiƙa, ka zauna abinka. Mutumin da na yi shekara ina roƙo ya fita ya ƙi, yau ni ke roƙonshi ya zauna. Bai juyo wajena ba. Ya ce wa Lawal, "Gaya mashi ba na kwana a gidan da ba shi da zaure. Ta ƙofar awaki zan riƙa karɓar baƙi?"

Aka so a bi da shi ta baya don santsi, ya ƙi. Ta zauren ya bi, Lawal na riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bin duwatsun bango. Da ya kai tsakiya ya tsaya ya ɗaga fuska, ruwa ya sauka a kanta. Sannan ya ce mu tafi. Babur ɗin Lawal ya hau, ba nawa ba.

Yana gidana yanzu, a ɗakin kwanon. Yana cin abin da Sa'adatu ta ba shi, yana hira da ita, in Lawal ya zo gaisuwa har dariya suke yi. Ni in na durƙusa na ce Baffa ina kwana, sai ya ce lafiya, shi ke nan har gobe. Da rana in kwanon ya ɗauki zafi ina jin shi yana juyi a kan gado, amma bai taɓa cewa a fitar da shi inuwa ba in ina kusa.

Malam Awaisu ya zo bayan girbi. Ya ɗauki hoton bangon, ya daɗe a tsaye, ya ce abin ya yi mashi ciwo, kuma na yarda ya yi mashi. Ya sa aka ɗauko allon daga gindin bedi aka sake kafawa. Sa'adatu ta taɓa tambayata ko da zauren muka yi da ya fi. Na ce mata da za a sake, ɗakin zan sake yi. Mutum yana nan da ranshi, ga shi can yana tari. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tsintar wake.

Kwanan baya na je na hau kan ɗakin. Rufin yana nan garau kamar ranar da muka sauko, makubar ko fashewa ba ta yi ba. Ciki Ɗanasabe ya tara harawar awakinshi, ni na ce ya sa, don ba ta jiƙewa. Ya tambaye ni ko ya jiƙa makuba bana, tunda hadari ya fara nunawa. Na ce bari in ji ta bakin mai ɗakin.

Na sa Sa'adatu ta tambaye shi, ina tsaye a bakin ƙofa. Ta ce Baffa, ana tambaya ko a yi wa ɗakinka yaɓe bana. Ya ce a tambayi harawa.

Na je na ce wa Ɗanasabe kada ya jiƙa.